Ta Arba'in da Takwas

Sau arba'in da bakwai na ga mutuwarka, Sixten.
Na ƙirga su a bangon littafin girki,
kusa da lissafin kuɗin madara.

Ta farko a Sundsvall ce, a zauren masu yankan katako,
kana ɗan shekara ashirin da biyu,
gemun aro yana zamewa daga haɓarka.
Aka soke ka da takobin kwali,
ka faɗi ta gefen da ba a shirya ba,
ƙafarka ta ja labule, labule ya ja fitila.
Mu goma sha tara ne a zauren.
Goma sha takwas suka tuntsire da dariya.
Ka ce rashin dariyata ka aura.

Daga nan mutuwa ta zame maka abin kai wa baka.
Motar 'yan wasa ta yi ta jan ku arewa
har Kiruna, inda rana kan yi yaji a hunturu,
ba mai zuwa bikonta.
Guba a Luleå, harsashi a Gävle,
a Umeå baƙin ciki kawai, kuma ita ta fi kyau.
Kullum ka dawo da jan fenti a wuyan riga
kana tambaya: Majvor, da sauran miyar wake?

Sai masu fim suka zo da manyan fitilunsu.
Kai da ka saba jefa murya
har kujerar ƙarshe ta saman bene,
suka ce rage, ƙara ragewa,
na'ura tana jin abin da ido ya faɗa.
Mako uku ka yi kana koyon shiru a gaban madubin wanka.
A gaɓar Bohuslän, cikin Nuwamba,
suka nutsar da kai sau goma sha ɗaya a yini guda
don gajimare bai gamshi darakta ba.
Ɗaya na rubuta.
Tarin da ka kwaso ya raka mu har bazara,
a majigi kuwa minti ɗaya da rabi ne.

Sunanka bai taɓa hawa saman takardar talla ba,
na huɗu, na biyar, wani lokacin ƙarƙashin gam.
Amma a jirgin ƙasa wata tsohuwa ta kama hannunka:
Ba kai ne mai gadin hasumiyar teku ba?
Ashe kana da rai!
Ta ba ka lemo. Ka yi sati kana ba da labarin.

Sau ɗaya tak suka naɗa ka sarki a Stockholm,
kana da sittin da uku.
A tsakiyar wasa magana ta gudu daga kanka.
Na ga yatsanka yana neman ta a gefen alkyabba.
Washegari jaridu suka yabi zurfin shirun.
Mu biyu muka sani, muka ci kifi muka yi barci.

To wannan ta ran Talata fa?
A ɗakin girki, rediyo na karanta yanayin teku,
dankali rabin fera a hannunka.
Ba jawabi, ba ka ko juyo wajen haske ba.
Wallahi ba ka taɓa yin ta da rashin gwaninta haka ba.
Na san inda kake ɓoye numfashi in kana gawa,
can ƙasan haƙarƙarin hagu.
Nan na zuba ido.
Ruwa ya tafasa ya ƙone a tukunya.

Ban rubuta lambar ba tukuna.
Fensirin yana cikin littafin.

Ran Lahadi da la'asar sukan maimaita tsohon fim ɗin.
Nakan kalle ka ka hau matakala, ka goge gilashi,
ka ɗaura igiyar kwalekwale da ɗaurin da ƙanena ya koya maka.
Da ka ɗaga kai ka dubi gajimaren nan,
sai in tashi in kashe.